Wane suna za mu ba tafonomi da Hausa?

Jama'a ina neman shawararku, musamman malaman Hausa da 'yan jiyoloji. Akwai fannin da masu binciken burbushin halittu ke kira tafonomi, wato bin sawun abin da ke faruwa da dabba tun daga mutuwarta har ƙashinta ya zama dutse ko ya ɓace. Wani Barashe, Ivan Efremov, shi ya ƙirƙiro kalmar a 1940 daga Girkanci, kabari da ƙa'ida.

Shi ya sa wasu suka ce a kira shi ilimin kabari. Ni gaskiya ban yarda ba, kabari na mutum ne, da ka faɗa hankali zai tafi maƙabarta, kuma dabbar daji ba wanda ya haƙa mata rami.

Ilimin binnewa ya fi kusa, amma rabin aikin ya ɗauko. Ku duba Kay Behrensmeyer, wata Ba'amurkiya mai binciken burbushin halittu, tana matashiya ba ta daɗe da gama digirin digirgir ba ta fara bin ƙasusuwan namun daji a Amboseli ta Kenya a 1975, tana komawa tana duba yadda rana ke tsattsaga su, bayansu ya riƙa ɓarewa, kura ta tauna wasu ta watsar, har a 1978 ta fitar da matakai shida na lalacewar ƙashi, daga ɗanye mai maiƙo zuwa wanda ya ruɓe yana marmashewa a inda yake. Duk wannan kafin ƙasa ta rufe komai ne. Ƙashin da ya tsira shi ne wanda laka ko yashin kogi ya danne da wuri, ruwan ƙasa ya yi ta shigar da ma'adanai cikin ƙofofinsa, kamar na Gadoufaoua a Nijar inda aka tono Nigersaurus, wani nau'in dinoso (manyan dabbobin da suka ƙare tun zamanin da), ƙasusuwan da suka haura shekara miliyan 100.

Wani ya kawo makomar mushe. Ta yi daɗin faɗa sosai, sai dai fannin har ƙasusuwan kakannin mutane yana dubawa, ba za mu ce musu mushe ba.

Nawa zaɓin: ilimin makomar ƙasusuwa. Makoma ta haɗa wanda ya ruɓe da wanda ya adanu. Kuma jam'i na sa da gangan, don yawancinmu ba ma sa lanƙwasa a waya, tilon zai koma wata kalma daban.

Matsala ɗaya, ganye da katantanwa su ma suna zama burbushi, ba su da ƙashi. In muka ce ilimin makomar matattun halittu ya ɗauke su duka amma ya yi tsawo. Wanne kuke gani ɗan sakandare zai fi riƙewa?