Neman kalma: abin nan da ke faɗuwa idan an kunna sumo

Mai shirin rediyo: Assalamu alaikum. Jama'a a taimaka mini, gobe da hantsi zan naɗi shiri kan sumon burtsatse, wato injin da ake zurawa cikin rami ya turo ruwa, mai kayar da bireka, abin nan da ke yanke wutar lantarki in ya faɗi. Injiniyan da na yi hira da shi "bireka" ya dinga cewa, a kunne kuwa sai ka ce birkin mota. Wace kalma zan sa?

Malamin Hausa: Wa'alaikumus salam. Makatsin wuta, daga katse, kamar yadda muka samu mabuɗi da makulli.

Mai wayarin: Malam, ai makunni ma yana katse wuta. Shi wannan da kansa yake faɗuwa in an ja wutar da ta fi ƙarfinsa. Hajiya, ki sa masu sauraro su lura da lokacin faɗuwar. In nan take ne, ruwa ya shiga mahaɗar waya cikin rami, ko koyil, wato naɗin wayar da ke cikin injin, ya ƙone. In injin ya yi gurnani bai juya ba sannan ya faɗi, a duba kafasita mai taimaka wa injin ya tashi, ko yashi ya riƙe farfela mai tura ruwa. In kuwa sai bayan mintuna ne, galibi wuta ce ta gaza bolt 230, injin na jan amfiya fiye da kima har ya ɗau zafi.

Dattijo daga Zariya: To kun gani, gadi yake yi. Dogarin wuta! Shekaru ina faɗar wannan kalma, ta fi makatsi rai.

Malamin Hausa: Baba, da girmanka, dogari kwatance ne. Wa zai je kasuwar Sabon Gari ya ce a ba shi dogari mai amfiya 16?

Dattijo daga Zariya: Shi makatsin wa ya taɓa saye? Kun bar aro ya cinye harshe, har sumo da kafasita ba wanda ya ɗaga gira.

Ɗan Maraɗi: Mu nan dijonktar muke cewa, daga Faransanci, bireka ba ta shige mu ba. Kullum sai a yanke a Kano a ce Hausa ke nan.

Malamin Hausa: Ɗan'uwa, ba wanda ya raina Maraɗi. Hujjata ke nan ma, makatsi kowa zai gane.

Mai wayarin: Ko me za a kira shi, don Allah a faɗa kada a cire mai amfiya 16 a sa mai 32 don ya daina faɗuwa. Wayar ce za ta ƙone a madadinsa. Na ga gidan da aka yi haka, har silin ya kama.

Mai shirin rediyo: Na gode ƙwarai. Zan ce "makatsin wuta, wato bireka" a farko, sannan in ci gaba da makatsi. Aikatau kuma "ya faɗi".

Dattijo daga Zariya: Shi ke nan 'yata, shirinki ne. Ni dai ban janye dogari ba.