Rahoton shekara bai fito ba, amma zancen rabon riba ya cika WhatsApp

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Afrilu ta kama, wani kamfanin da ke kasuwar hannun jari bai fitar da rahoton bara ba, ga shi ana ta yaɗawa cewa riba mai tsoka zai raba. Ina ake tabbatar da irin wannan? Kuma jinkirin alamar matsala ce?

Na Marina:
Wa alaikumus salam. Ka'idar NGX, wato kasuwar hannun jari ta Najeriya, ita ce rahoton shekara da odita (mai binciken asusu) ya sa wa hannu ya shiga cikin kwana 90 bayan rufe shekara, wato ƙarshen Maris ga mai rufewa a Disamba. Na wata uku-uku kuwa kwana 30 ne, ba sai an jira odita ba.

Jinkiri kala biyu ne. Banki ba ya fitar da rahotonsa sai CBN ya amince, kamfanin inshora kuma sai hukumar kula da inshora, NAICOM, don haka sukan makara ba da laifinsu ba. Sai dai kamfanin kirki ba ya yin gum: sakatarensa zai sa sanarwa cewa za a makara, ga dalili, ga lokacin da ake sa rai. Wanda ya yi shiru, shi ne abin tsoro. Wani lokaci odita ne ya ƙi sa hannu, saboda bashin da ba a yi masa tanadi ba, ko cinikin da aka ƙulla da kamfanin wani darakta. Irin wannan NGX kan liƙa masa alamar MRF (wato bai miƙa rahoto a kan lokaci ba) a gefen sunansa, ta ci shi tara, in ya ci gaba da taurin kai a dakatar da cinikin hannun jarinsa. Daga nan ko kana so ka sayar babu hanya.

Shiga shafin NGX, sashen sanarwar kamfanoni, ka nemi sunansa. Abin da ba ya can, jita-jita ce.

Hajiyar Idi-Araba:
Malam Ɗan Agege, a kan batun WhatsApp ɗin nan ka yi hattara. Labarin da zai iya motsa farashi, dole kasuwa ta fara samunsa, kowa ya gani lokaci guda. Shi ya sa ake da lokacin kulle: daraktoci da ma'aikatan da suka san sirri ba su da ikon saye ko sayarwa sai an yi awa 24 da fitar da labarin. To mai cewa yana da "na ciki", ko dai ƙarya yake, ko yana jan ka cikin laifin da SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari, ke hukuntawa. Galibi ma ya riga ya saya, jira yake ku tayar masa da farashi ya sauke muku kaya.

Ɗan Agege:
Na gode Hajiya. In sun sanar da rabon, shi ke nan kuɗi ya shigo?

Na Marina:
Da saura. Ribar ƙarshen shekara shawara ce daga daraktoci, sai babban taron shekara ya amince, kuma dokar kamfanoni, wato CAMA ta 2020, ta ce a ba da sanarwar taron kwana 21 kafin ranar. Duba ranar tantancewa a cikin sanarwar, wanda sunansa ba ya rijista a ranar ba shi da rabo. Sannan ka tabbata rijistara, wato mai riƙe da rijistar masu hannun jarin kamfanin, na da lambar asusunka na banki, kuma sunan da ke CSCS, inda ake ajiye bayanan hannun jarinka, ya yi daidai da na BVN. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya riƙe maka kuɗi.