Mujalla ta karɓi maƙalata amma tana neman dala 1,800: in biya ko in janye?

Maryam_Samaru: Salamu alaikum. Ina digiri na biyu a fannin kwamfuta. Na horar da manhaja ta hanyar koyon na'ura mai zurfi, tana gane cutar ganyen masara daga hoton waya. Da hotunan PlantVillage, wani rumbun hotunan ganyen amfanin gona a intanet, na fara, amma yawancinsu ganye ne tsinkakke a kan shimfiɗa mai tsabta, da na kai ta gona sai ta riƙa kwafsawa. Dole na ɗauki nawa a gonakin Shika da Bomo. Yanzu wata mujalla da kowa ke karantawa kyauta ta karɓa, amma sai na biya dala 1,800. Na duba, tana cikin DOAJ, jerin mujallun karatu kyauta da aka tantance. Sufabaiza ya ce ba kare kundi sai da takardar karɓa. In sayar da sarƙar gwal ɗina, ko in kai wadda ba a biya amma sai masu rajista ke karantawa?

Abu Khalil: Wa'alaikissalam. Ki fara dubawa ko tana cikin DOAJ.

Maryam_Samaru: Malam, ai na ce tana ciki.

Ɗan Kongo: Ƙanwata, kar ki biya ko sisi. Ni babur ɗina na sayar a Sabon Gari don in biya wata mujalla. Ranar Litinin na tura maƙala, Alhamis suka ce an karɓa, ko waƙafi ba su gyara ba, har da kuskuren da ke tebur na uku. Na yi ta murna. Da na kai gaban kwamiti aka ce ba a san mujallar ba. Na koma shafinsu, ya ɓace. Abin takaicin, ba wadda za ta sake karɓa tunda an riga an wallafa. Shekara guda ta tafi, babur ya tafi, yau Keke nake hawa zuwa Samaru.

Hauwa T/Wada: Allah ya mayar da alheri. Amma dala 1,800? Ni 150 na biya.

Injiniya Sani: Ta 150 ɗin nan ƙanwar ta Ɗan Kongo ce. Shahararriyar mujallar kimiyya Nature kanta yuro 9,500 ta sa a 2021.

Hauwa T/Wada: Tawa tana Scopus, babban jerin mujallun da jami'o'i ke amincewa da su, ka ji.

Ɗan Kongo: Tawa ma tambarin Scopus ne a saman shafinta.

Dakta Bello: Maryam, ki rubuta wa editan ki nemi rangwame ko yafiya, ki faɗi cewa ɗaliba ce ke daga Najeriya ba tallafi. Da yawa suna ragewa, amma an fi so a nema tun lokacin turawa. Sannan ba kowace mujallar karatu kyauta ke karɓar kuɗi ba. JMLR, mujallar binciken koyon na'ura, tun 2000 take, marubuci ba ya biya, mai karatu ba ya biya, sai dai sabuwar dabara suke nema, da wuya su ɗauki aikin gona zalla. Ko kin kai ta masu rajista, yawanci za ki iya ajiye kwafin farko a arXiv, shafin da masu bincike ke ɗora maƙala kafin a wallafa, kyauta ne, in kin sami wanda ya saba ɗorawa a can ya tsaya miki.

Injiniya Sani: Ranka ya daɗe, kwamiti ba ya ƙirga arXiv, ba a tantance shi. Kuma kai da tallafin TETFund, asusun manyan makarantu, ka yi naka a Malesiya, ɗaliba da aljihunta take.

Dakta Bello: Ina tantance wa mujallu maƙala, Injiniya. Kai nawa ka wallafa?

Ɗan Kongo: Wanda ya ƙone shi ya san wuta. Ni za ki saurara.

Baffa PZ: Maryam, manhajar nan tana gane cutar aljihu? In turo hoto.

Hauwa T/Wada: Ko kuɗin na hannu ma, da wane kati za ki biya? Nawa na naira sau tari yana ƙi a shafukan waje, sai da na bi ta hannun wani ɗan'uwa.

Injiniya Sani: Haka na yi fama da biyan Colab, shafin Google da ake horar da manhaja a kai. Na kyauta yana yankewa ana tsakiyar horarwa. Kaggle, wani shafi irinsa, ya fi, wajen awa 30 na GPU, na'urar da ke hanzarta horarwa, a mako.

Baffa PZ: GPU ɗin me, mu a Hanwa tun shekaranjiya ba wuta. A shagon mai caji nake wannan rubutun.

Maryam_Samaru: Jama'a, Juma'a wa'adin biyan zai ƙare fa.

Abu Khalil: Baffa, batirin sola nawa yake yanzu a PZ? Nawa ya daina riƙe caji.