Faya-fayai da kaset ko rumbun kwamfuta: ina ya fi dacewa in ajiye fina-finaina?

Mai Tarin Faifai:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tarin fina-finai da suka cika akwatuna: tsofaffin fina-finan Hausa a kaset na bidiyo da faifan VCD waɗanda akasari aka sayo a Ƙofar Wambai da Bata a Kano, fina-finan Indiya a DVD, da wasu shirye-shirye masu dogon zango na Turai da Amurka. Wasu faya-fayan sun fara tsayawa a tsakiyar kallo, na'urar kaset ɗina kuma ta daina aiki, ga shi wurin ajiya ya yi mini kaɗan. Ƙanena ya ba ni shawarar in rabu da su gaba ɗaya, tunda a ganinsa babu fim ɗin da ba a samu a intanet yanzu. Shin in bi shawararsa, ko in mayar da su cikin kwamfuta, ko kuwa in ci gaba da riƙe su yadda suke? Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar.

Injiniyan Unguwa:

Wa alaikumus salam Malam. Kafin ka yanke hukunci, ya kamata ka san cewa abubuwan da ke cikin akwatunan nan ba iri ɗaya ba ne, kuma ba a lokaci ɗaya za su lalace ba. Faifan DVD na asali, wanda aka buga a masana'anta, yana iya daɗewa sosai muddin bai karce ba kuma ba a bar shi a rana ba. Amma yawancin faya-fayan da muka riƙa saye a kasuwa irin waɗanda ake ƙonawa da kwamfuta ne. Idan ka juya bayansu za ka ga launin shuɗi ko shunayya, kuma wannan launin wani rini ne da zafi da haske suke cinyewa a hankali. Shi ya sa faifai zai iya zama fes babu ko karce ɗaya, amma ya ƙi karantuwa. Irin waɗannan su ne na farko da za ka kwafa, tun suna buɗewa.

Aikin kwafar ba shi da wuya. Kana buƙatar kwamfuta mai na'urar karanta faifai, ko ka sayi ta waje wadda ake jona ta da USB, saboda yawancin sababbin kwamfutoci ba sa zuwa da ita. Manhajar MakeMKV tana ciro fim daga DVD ba tare da ta rage masa inganci ba, HandBrake kuma tana matse shi idan kana son ya rage girma, VLC kuwa tana buɗe kusan kowane irin fayil. Game da wurin ajiya, DVD mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabayit 4.7, mai shimfiɗa biyu 8.5, faifan VCD kuma bai wuce kimanin megabayit 800 ba, dalilin da ya sa ake raba dogon fim a faifai biyu ke nan. Idan ka lissafa, rumbun ajiya mai terabayit 1 zai ɗauki faya-fayan DVD masu shimfiɗa ɗaya kimanin 200, ko da ba ka matse ko ɗaya ba.

Gargaɗina shi ne kada ka dogara da rumbu ɗaya. Rumbun da ke da faranti mai juyawa a ciki yana iya mutuwa da faɗuwa ɗaya daga kan tebur, ko kuma fayil ya lalace idan aka ɗauke wuta ana tsakar rubutu a kansa. Ka sayi biyu, ka zuba abu ɗaya a kowanne, ka ajiye na biyun a wani gidan. Filash da memori kuwa na ɗaukar fim daga wuri zuwa wuri ne, ba na ajiya mai tsawo ba, kuma akwai jabu da yawa a kasuwa waɗanda suke nuna girman da ba su da shi. Ka kuma duba tsarin rumbun kafin ka fara: idan FAT32 ne ba zai karɓi fayil da ya wuce gigabayit 4 ba, sai ka mayar da shi exFAT ko NTFS.

Abu Hanan:

Malam, maganar ƙanenka ce nake so in taɓa, domin akwai kuskure a cikinta da mutane da yawa suke yi. Abin da ke intanet ba naka ba ne, ko da ka biya kuɗi. A dandalin da ake biyan kuɗin wata, irin su Netflix, fim yana nan ne iya tsawon yarjejeniyar da suka yi da mai shi, idan ta ƙare sai a cire shi. Wanda ya fi ba da mamaki shi ne abin da ake kira saye. A shekarar 2022 kamfanin Sony ya cire fina-finan kamfanin StudioCanal daga asusun mutanen Jamus da Ostiriya waɗanda suka riga suka biya kuɗinsu a shagon PlayStation. A watan Disambar 2023 ya sake sanar da cewa zai cire shirye-shiryen tashar Discovery da mutane suka saya, sai da aka yi ta ƙorafi kafin aka sabunta yarjejeniyar aka fasa. Abin ya kai ga jihar Kalifoniya a Amurka ta yi doka a 2024 da ta tilasta wa irin waɗannan shagunan su bayyana wa mai saye cewa izinin kallo yake biya, ba mallakar fim ba.

Wannan a kan fina-finan manyan kamfanoni ke nan, waɗanda ko an cire su nan za a same su can. Tsofaffin fina-finan Hausa na shekarun 1990 da farkon 2000 lamarinsu daban ne. Da yawa daga cikinsu a kaset kawai suka fito, kamfanonin da suka yi wasu sun daɗe da rufewa, waɗanda aka ɗora a YouTube kuma sau da yawa kwafin kwafi ne mai dusasshen hoto, an yanke farko ko ƙarshe, kuma tashar da ta ɗora su tana iya ɓacewa a kowane lokaci. Yana iya yiwuwa kaset ɗin da ke akwatinka ya fi duk wani kwafi da ke yawo kyau. Saboda haka ni a ganina ka kwafa, amma kada ka zubar da na asalin. Ka kuma tsaya a kan kwafar abin da ka mallaka domin amfanin gidanka. Rarraba shi ga masu tura fina-finai a waya satar fasaha ce, kuma ita ce ta taimaka wajen karya kasuwar faifan tun farko.

Maman Ilham:

Ban yarda a ce a riƙe komai ba. Fina-finan Indiya da na Amurka da suke kan faifan da aka cusa fim biyar ko goma a cikinsa ba su cancanci wahalar kwafa ba, domin an matse su har hoton ya lalace, kuma ana samun waɗanda suka fi su kyau cikin sauƙi. Ɗan'uwa, ka ware abin da ba za a sake samu ba, ka bayar da sauran. Sannan ka rubuta wa kowane fayil sunan fim da shekararsa tun lokacin da kake kwafa, shirye-shirye masu dogon zango kuma ka sa lambar zango da ta kashi, in ba haka ba nan da shekara guda za ka tarar da ɗaruruwan fayiloli marasa suna. Manhajoji irin su Kodi da Jellyfin suna jera fina-finai da hotunansu a talabijin idan sunayen sun yi daidai, amma tsofaffin fina-finan Hausa da yawa ba sa cikin kundin da suke dubawa, don haka da hannunka za ka shigar da bayaninsu. Kwalayen kaset ɗin ma ka ɗauki hotonsu gaba da baya, saboda a jikinsu ne ake samun sunayen 'yan wasa da mai shiryawa.

Mai Tarin Faifai:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Saura batun kaset, Injiniya, tunda na'urata ta mutu.

Injiniyan Unguwa:

Wannan ne mafi gaggawa, Malam. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar kaset ta VHS, ya daina a 2016, don haka sai dai ka nemi tsohuwa a wajen masu gyaran rediyo da talabijin ko masu sayar da kayan gwanjo. Ka tabbata tana karanta tsarin hoton talabijin na PAL, wanda shi ake amfani da shi a Najeriya, domin wadda aka yi don kasuwar Amurka NTSC take karantawa. Ka fara gwada ta da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba, saboda tsohuwar na'ura tana iya cinye zare. Kafin ka sa kowane kaset ka leƙa ta gilashinsa. Idan ka ga farar fumfuna a jikin zaren, wadda laimar damina ke kawowa, ka ware shi, domin zai ɓata ɓangaren na'urar da ke karanta zaren ya kuma shafa wa sauran. Daga nan sai ka sami ƙaramar na'urar ɗaukar bidiyo mai USB, ka jona wayoyin nan uku, rawaya da fari da ja, daga na'urar kaset zuwa kwamfuta. Babu hanyar gaggautawa a nan: fim mai awa biyu zai ci awa biyu ana ɗauka, saboda haka ka zaɓi lokacin da kake da tabbacin wuta ko ka jona komai a inbata. Waɗanda ka gama da su ka ajiye su a tsaye cikin kwalayensu, a ɗaki mai sanyi, nesa da lasifika saboda maganaɗisun da ke cikinta, kuma a rufe don ƙurar hunturu.