Neman shawara: yaya zan samu kaurin sautin amfilifaya mai bawul alhali ba ni da ita?

Nasiru: Assalamu alaikum, malamaina. Ina ɗaukar ƙasidu da waƙoƙin biki a ƙauyenmu kusa da Ringim. Kayan aikina miksa mai layi takwas, makirufo, laftof mai manhajar haɗa sauti ta FL Studio, wuta kuma sola. Murya tana fita tas amma a bushe, kuma da an daki mandiri da ƙarfi sai sautin ya tsage. Tsoffin amfilifaya masu bawul, wato ƙwan gilashin nan mai ƙara ƙarfin sauti, ko an ƙure su sai dai sautin ya ƙara kauri da laushi. Da me zan kwaikwayi wannan?

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, abu biyu kake ji, ka raba su. Na farko, bawul irin 12AX7 idan sauti ya fi ƙarfinsa ba ya datse shi farat ɗaya, a hankali yake lanƙwasa shi, kuma gefe ɗaya ya fi ɗaya lanƙwasuwa. Wannan rashin daidaiton ne ke haifar da sauti mai ninki biyu: muryar da ke 200 Hz (yawan kaɗawar sauti a sakan ɗaya) ta samu 400 Hz a samanta, kunne ya ji kamar amshi. Na biyu, idan aka daki ganga, wutar cikin amfilifayar kan ɗan faɗi sannan ta dawo, musamman mai bawul ɗin juya wuta irin 5U4. Ka ga yadda ƙwan lantarki ke dusashewa idan aka tayar da injin markaɗe a layi ɗaya? To haka sautin ke matsewa ya yi laushin da kake ji. Tsagewar taka kuwa daban ce: ka kai 0 dB, iyakar ƙarfin sauti a kwamfuta, can babu lanƙwasa, yanka ne kawai. Rage gen ɗin miksa, wato ƙarfin sautin da ke shiga, har dukan mandiri mafi ƙarfi ya tsaya wajen -10 dB.

Auwalu: Malam ya gama magana. A FL Studio ga yadda za ka jera. Fara yanke duk abin da ke ƙasa da 80 Hz a murya, domin bes ne ke fara cika filogin, wato ƙaramar manhajar da za ta kaurara sautin, ya dagula komai. Sai ka sa Saturation Knob na Softube ko IVGI na Klanghelm, duka kyauta ne; IVGI ma yana da maɓallin rashin daidaiton da Malam ya faɗa. Murɗa maɓallin kaurara sautin har ka ji ƙazanta, sannan ka koma baya rabi. Bayansa kwamfaresa, mai danne sautin da ya yi ƙarfi: reshiyo 3:1, saurin kamu milisakan 25, saurin saki 150, kada ya danne fiye da 3 ko 4 dB. Idan ka sa kamu ƙasa da milisakan 5, kan dukan mandirin zai mutu, ya koma kamar ana buga katifa. Ƙarshe ka sassauta sama da 8 kHz. Wallahi kaɗan-kaɗan a wuri biyu ko uku ya fi a jibga shi wuri ɗaya. Kuma ka daidaita ƙarar kafin da bayan filogin kafin ka yanke hukunci, don duk abin da ya fi ƙara sai kunne ya ce ya fi daɗi.

Sabi'u: Wanda ya iya riƙe sodarin zai iya haɗawa da hannu. Resisto 10k a kan layin sauti, bayansa diyod 1N4148 guda uku zuwa ƙasa: ɗaya ya fuskanci nan, biyu a jere su fuskanci can. Gefe ɗaya zai fara lanƙwasa wajen bolt 0.6, ɗayan wajen 1.2. Sa kafasito 2.2 nF gefensu, zai tausasa sama da 7 kHz, da wani 1 µF a mafita. Ka ciyar da shi daga aks, wato ƙarin mafitar sauti ta miksa, ka dawo da shi a wani layin, ka gauraya da asalin sautin kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Idan da ka gauraya murya ta sirance, wayoyin sun juye, musanya su. Kayan suna nan a kasuwar Sabon Gari, ko cikin allon mataccen rediyo.

Nasiru: Allah Ya saka da alheri. Akwai tsohon dek na kaset a gida, zai yi?

Malam Habibu: Zai yi, amma ga waƙar da ka gama haɗawa gaba ɗaya. Goge kansa da sifirit, ka ɗauka allura tana leƙa +3 a ja. Kada ka gauraya na kaset da asalin, gudun kaset yana rawa, ba za su taɓa hawa kan juna ba.

Auwalu: Ka kula da solar nan. Duk wannan aikin yana ɗago ƙaramin sauti, har da zizar inbata. Zare cajar laftof lokacin ɗauka, ka saurari ɗakin shiru da hedifon tukuna. Idan zizar na nan, daga miksa take shigowa, sai ka nisanta wayar makirufo da ta wuta.