Wa ya taɓa ɗora turbo a tsohon inji mai silinda shida? Ku ba mu labari

Mai W124:
Salam ƴan uwa. Ina da Mercedes W124 300E, injin M103 ne lita 3, silinda shida a jere. Motar lafiya lau take, ba hayaƙi ba shan baƙin mai, kawai dai ina son ƙarin ƙarfi ne da turbo, na'urar da ke matsa iska cikin inji, kuma raina bai son in cire injin nan in sa wani. Dan Allah wanda ya taɓa yi da hannunsa ko a motarsa ya faɗa mana yadda ta kaya, mai daɗi da mara daɗi duka.

Tsohon Makanike:
Wslm ɗan uwa. Kafin ka sayi ko kusa ɗaya ka auna kwamfureshan, wato ƙarfin matsi, na silinda shidan nan tukuna, in ka ga wata ta bambanta da saura da fiye da kashi 10 cikin 100 to a ajiye maganar turbo a buɗe inji. Iskar da muke shaƙa nauyinta wajen psi 14.7 ne a ma'aunin matsi, in ka sa bus, wato ƙarin matsin iskar da turbo ke bayarwa, na psi 7 kusan rabin wannan ka ƙara tura wa injin, to rin da ya riga ya gaji ina zai iya riƙe wannan? Motocin da suka dawo min a lalace bayan an sa musu turbo yawancinsu dama da ciwonsu, turbon dai ya fito da shi fili ne.

GS300 Baƙa:
Ni na yi a 2JZ-GE na Lexus GS300, wanda ba VVT-i ba, wato tsarin da ke sauya taimin bawul. Mutane suna jin 2JZ sai su ɗauka duk ɗaya ne da na Toyota Supra, alhali GTE ɗin da kamfani ya sa wa turbo kwamfureshan ɗinsa 8.5:1 ne, namu kuwa 10:1, shi ya sa na sa gaskit mai kauri na ƙarfe don in sauke shi kaɗan. Abin da ya fi ba ni wahala wlh distiributa ce, tana zaune daidai inda turbon ke son zama, sai da muka yi ta gwada manifol kafin ya shiga. Na canja injekta da famfon mai na sa Walbro 255, na tsaya a psi 7 zuwa 8 ban ƙara ba. Gaskiya motar ta zama wata aba daban, da allura ta wuce 3,000 za ka ji kujera ta tura ka ta baya, kuma har yau inji bai ce min komai ba. Masu VVT-i ku kam ku yi a hankali, kwanrod ɗinku ya fi namu siranta.

Direban Dare:
Nawa labarin ba daɗi. Wanda ya haɗa min ya ce ba sai an taɓa ƙwaƙwalwar mota ba tunda bus ɗin kaɗan ne, ta ainihi za ta iya. Da farko lafiya, sai na fara jin wata ƙara in na taka a hawa, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, na koma masa ya ce ba komai salansa ce. Ashe nokin ne, iska ta yi yawa fetur ya yi kaɗan ga taimin bai ja baya ba. Da aka buɗe fistin ɗaya ya tsage a tsakanin rin. Har yanzu abin yana min ciwo don injin nan ƙalau yake kafin a taɓa shi.

Tsohon Makanike:
Allah ya mayar da alheri. Wannan shi ne abin da nake ta faɗa wa mutane, turbo iska kawai yake kawowa, wa zai kawo fetur ɗin da zai yi daidai da ita? Tafiya ta yau da kullum iska 14.7 ne fetur 1, amma in bus ya shigo ana so ya sauko wajen 11.5 zuwa 12, kuma ba a gane wannan da kunne, sai ka sa agogon da ke auna iskar salansa a gabanka kana kallo. Ga intakula mai sanyaya iskar turbo, dole ne, don iskar da aka matse zafi take yi kuma iska mai zafi ita ke jawo nokin. Fulogi ma a sa mai sanyi mataki ɗaya a rage masa baki.

E34 525i:
Ni M50 ne na BMW, bulok ɗin ƙarfe ne yana da juriya sosai. Turbon Holset HX35 na sa irin na injin dizal na Cummins, a ƙasa yana ɗan jinkiri kafin ya farka amma in ya farka sai dai ka riƙe sitiyari. Inji bai dame ni ba, abubuwan gefe ne suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya, kulochi ya fara sulɓi a giya ta huɗu, sai zafi saboda intakula ta tare gaban lagireto, sai birki ya zama bai isa ba. Sannan hayaƙi shuɗi ya yi ta fita muka ɗauka turbon ne ya mutu, ashe tiyon da ke mayar da baƙin mai ƙasa ne ya yi ƙanƙanta kuma ya lanƙwashe. Man nan ba famfo ke tura shi ba gangarowa yake da kansa, dole tiyon ya zama mai faɗi, ya miƙe, ya shiga sama da inda mai ya tsaya a kasko. Muna gyara shi hayaƙin ya ɗauke.

GS300 Baƙa:
Maganarka haka take oga. Kuma bayan gudu kar a kashe mota nan take, a bar ta ta ɗan yi silo, turbon nan yana juyi sama da 100,000 a minti kuma baƙin mai ne ke sanyaya shi.

Tsohon Makanike:
Mai W124 bari in dawo kan taka. M103 yana da kyau da wannan aikin don kwamfureshan ɗinsa wajen 9.2:1 ne, bai kai na 2JZ-GE da M50 ba. Matsalarka KE-Jetronic ce, na'urar raba fetur ta injin, da faranti take auna iska ta raba fetur, ba a yi ta don bus ba, na ga masu ƙara injekta a gefe suna lallaɓawa amma ni ban yarda da shi ba, wadda na yi cire ta muka yi gaba ɗaya muka sa injekta na lantarki da ƙwaƙwalwar Megasquirt. In giyarka otomatik ce 722.3 ka tuna da iskar manifol take aiki wajen sanin nauyin da ke kanta, sai an daidaita wannan ma. Gaskit ɗin top kuwa ka canja shi tun yanzu, dama an san su da yoyon mai a wurin.

Mai W124:
Na gode ƙwarai maigida, Allah ya saka. Otomatik ce kuwa. Zan fara da auna kwamfureshan in kawo muku lambobin silinda shidan ku duba min. Oga mai E34, HX35 ɗin nan a wane juyi yake fara kawo bus a naka? Ina tunanin ko in nemi wanda bai kai shi girma ba tunda psi 6 ko 7 kawai nake so.