Yaro ba ya barci, uwa ta kusa faɗuwa

Maman Sadiq, Tumfure: Assalamu alaikum. Don Allah ku agaza min da shawara. Yarona mai lalurar galahanga ya shiga shekara 15, kuma tun da ya fara balaga barcinsa ya birkice. Sai 2 ko 3 na dare yake runtsawa, yana ta zagaye falo yana buɗe firji. Ni ko ƙarfe 7 ina wurin aiki. Jiya a kan sallaya barci ya sace ni, tukunya na kan wuta.

Hajiya Babba, Pantami: Wa'alaikumus salam. Sannu ƙanwata, Allah ya ba da lada. Me yake sha da yamma?

Maman Sadiq: Shayi, Hajiya. In ba a ba shi ba, gidan ba ya zaunuwa.

Hajiya Babba: To ga ɓarawon nan. Ganyen shayi da goro duk suna korar barci, kuma suna daɗewa a jiki. Kar ki hana shi kofinsa, yaran nan ba sa son a sauya musu abin da suka saba. Ki zuba masa madara mai ɗumi a kofin nan dai, a lokacin nan dai.

Maman Iman: Akwai wata ƙwaya da maƙwabciyata ke sayowa a kemis, rabi kawai take ba nata.

Anti Nas, Jekadafari: A'a Maman Iman, don girman Allah kar a fara. Irin waɗannan ƙwayoyin jiki na sabawa da su, kuma in yaro na shan maganin farfaɗiya suna iya haɗuwa su yi ɓarna. Maman Sadiq, lokacin balaga agogon jiki kan ja baya, shi ya sa samari ba sa jin barci da wuri, ga shi suna bukatar awa 8 zuwa 10. Ki karɓe waya da talabijin awa guda kafin kwanciya, ki tashe shi lokaci ɗaya kullum, ya fita ya sha hasken safe. Sannan ki samu littafi ki riƙa rubuta ƙarfe nawa ya kwanta, ƙarfe nawa ya farka, har sati biyu, ki kai wa likita a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe. Ki sa a duba haƙoransa da cikinsa ma. Wanda ba ya iya cewa "nan ke min ciwo", da rashin barci yake faɗa.

Baban Ummi, Bolari: Ku yi haƙuri in sa baki. Mu raba dare muka yi. Ni nake zama da yarinyar daga isha'i zuwa ƙarfe 1, uwarta ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, sai ta karɓe ni. Da farko na ji nauyin abin, yanzu har kallon ƙwallo nake a lokacin, murya a kashe. Na kuma rataya ƙararrawa a ƙofar waje maimakon kwaɗo, saboda tsoron gobara.

Maman Sadiq: Nawa maigidan direba ne, rabin sati yana hanyar Yola.

Hajiya Babba: To ina dangin ubansa? Ki daina kunyar roƙo. Gwaggonsa ta ɗauki ranar Asabar, daga azahar zuwa la'asar, ke kuma ki yi ƙailula. Ban ce wanki ba, barci na ce.

Maman Sadiq: Hajiya kin gano ni. Zan kira ta bayan magariba. Anti, littafin daga yau zan fara ko sai na cire shayin?

Anti Nas: Daga yau, ki rubuta har da shayin.